Ɗan kasuwa, kafin ka ɗaure jaka: bar fitilar kyamara a gida

Yau mu ɗan ajiye maganar canjin naira da sefa da ta kuɗin duwan, wadda ba ta ƙarewa a bakinmu, mu dubi wani abu da ake gani ƙarami, alhali yana iya cinye wa mutum ribar tafiya guda, ko ma ya jawo masa kwana a hannun hukuma a ƙasar da ba shi da kowa.

Kwanakin baya na tarar da wani saurayi a wata rumfa cikin kasuwar Maraɗi, wanda maigidansa zai tura birnin Gwanzu na ƙasar Sin karo na farko domin sarin yadi. Ya baje jakarsa yana shiri, ga wata babbar kyamara da ya aro wurin abokinsa mai hoton biki, ga fitilar nan da ake ɗora mata a ka, wadda masu hoto ke kira filash, ga batir takwas da cajarsu. Na tambaye shi ina zai kai wannan kaya haka. Ya ce an gaya masa kasuwannin can duk a cikin gini suke, rana ba ta shiga, don haka in ba da filash ba, hoton kayan da zai riƙa turo wa maigida ba zai fita ba. Nan fa gardama ta kaure a rumfar, wasu na cewa ya tafi da ita, ai ba a san abin da za a tarar ba, wasu na cewa wahalar banza ce. Ni dai ra'ayina shi ne ya bar ta a gida, kuma ita ma ƙaramar fitilar da ke bayan salularsa ya kashe ta tun kafin ya hau jirgi. Ga dalilaina.

Da farko mu fahimci matsayin hoto a kasuwancinmu na yau. A da, in Alhaji ya tafi Kwatano ko Lome ko Dubai, da idonsa yake saye, da hannunsa yake taɓawa, in ya dawo ya baje haja, mai so ya gani ya taya. In kuwa saƙo aka ba shi, to da ƙyallen yadin ake haɗa shi, ya sa a aljihu, ya je ya gwada a can. Ƴan ƙalilan da ke tafiya da kyamara a zamanin fim ɗin Kodak da Fuji mai ɗaukar hoto 36, hoton tarihi suke ɗauka, wanda ba za a gani ba sai an dawo gida an kai wanki. A wancan lokaci filash dole ce, domin fim ba ya gani a cikin ɗaki. Yau kuwa lamarin ya juya. Mutum yana tsaye a shago a Deira ko a kasuwar yadi ta Zhongda a Gwanzu, ya ɗauki hoto ya tura, Hajiya a Damagaram ko Katsina ta duba ta ce a ɗauko mata turmi hamsin, ta tura kuɗi kafin ya bar ƙofar shagon. Ashe ke nan hoto ya hau kujerar ƙyallen nan na aljihu. Ya zama alkawari tsakaninka da mai saye. Duk abin da zai sa hoton ya faɗi abin da ba shi ne a kan kaya ba, to sunanka yake ɓatawa, ko da ba da gangan ka yi ba.

To, filash na daga cikin abubuwan da suka fi sa hoton yadi yin ƙarya. Duk wanda ya san shadda ya san darajarta a sheƙinta take da kuma zanen da ke cikin saƙarta. Ko Getzner ce ta ƙasar Ostiriya, ko rinin Mali, ko wadda masu bugu suka daka har ta yi santsi, zanen nan ba fenti ba ne, zare ne da aka saƙa wani ya kwanta nan wani ya kwanta can, shi ya sa ba ka ganinsa sosai sai ka karkata yadin haske ya zo masa ta gefe. Ita kuwa filash daga saitin idon kyamara take harbo haske, ya daki yadin gaba da gaba, ya dawo cikin kyamara kamar ka haska madubi da tocila. Sakamakon haka sai tsakiyar hoton ya yi fari fat, gefe ya yi duhu, zanen ya ɓace, ruwan hanta ya koma ja, ruwan toka mai duhu ya koma ruwan siminti, shuɗi mai nauyi ya koma sararin samaniya. Haka take yi wa leshi mai duwatsu, da kayan tangaran, da tayil, da sarƙoƙi, da duk kayan da ke cikin leda.

Akwai kuma matsalar haɗuwar haske biyu. Shi haske ma launi gare shi, masana suna auna shi da wani ma'auni da ake kira Kelbin. Tsohon ƙwan lantarki mai ja-ja wajen 2,700 yake, hasken rana tsaka wajen 5,500, fararen fitilun da suka cika shaguna yanzu kuwa suna kaiwa 6,500. Hasken filash a karan kansa bai yi nisa da na rana ba, wannan gaskiya ne. Amma in ka harba shi a shagon da fitilunsa ja-ja ne, kyamara za ta rasa wanda za ta bi, sai gaban yadin ya fito da launi ɗaya, bayansa da wani. Ba banza ba masana'antun saƙa ba sa yanke hukunci kan launi a ƙarƙashin kowace irin fitila. Akwati gare su na musamman mai fitilar da ake kira D65, wadda ke kwaikwayon hasken rana, domin sun san yadi biyu na iya zama iri ɗaya a ƙarƙashin wani haske, a fita da su waje a ga bambanci. In masu saƙar da kansu suna wannan taka-tsantsan, ina ga kai da kuɗin mutane ke hannunka?

Na san wani maƙwabcinmu a kasuwa da ya ɗanɗana wannan. An ba shi saƙon ankon biki, ya tura hoton wani leshi daga Dubai wanda fitilar salula ta mai da shi ruwan hoda mai haske, matan suka ce shi suke so, suka haɗa kuɗi. Da kaya suka iso aka kwance, sai ga shi ruwan albasa mai duhu. Uwar amarya ta ce ba abin da ta gani ba ke nan, kuma gaskiyarta, ga hoto a hannunta. Mai shagon Dubai ya ce abin da aka nuna shi ya bayar, shi ma gaskiyarsa. Bawan Allah nan shi ya mayar da kuɗi daga aljihunsa, leshin ya yi watanni a shago kafin ya sayar da shi a faɗuwa, kuma har yau gidan nan ba su sake ba shi saƙo ba. Asarar kuɗi ana mayarwa, amma mai saye in ya riga ya sa maka alamar tambaya, da wuya ka goge ta.

Dalili na biyu shi ne ita filash ba ta da dogon hannu kamar yadda ake zato. Ƙa'idar haske ita ce in ka ninka nisa sau biyu, abin da ke isa kan kaya ya koma kashi ɗaya cikin huɗu, in ka ninka sau huɗu ya koma ɗaya cikin 16. Ƙaramar fitilar salula ba ta wuce mita ɗaya ko biyu. Babbar ta kyamara ta fi ta ƙarfi nesa ba kusa ba, amma ita ma ba za ta haska maka sito guda ko layin kasuwa ba, na kusa zai ƙone da haske, na nesa ya nutse cikin duhu. Sannan maganar da aka gaya wa yaron nan cewa kasuwannin can duhu gare su ba haka take ba. Babbar kasuwar Yiwu mai rumfuna fiye da 70,000, da zaurukan baje kolin Kanton da ake yi a Gwanzu sau biyu a shekara tun 1957, da shagunan Deira da Naif, duk fitilu ne tar ko'ina, domin mai sayarwa ya fi ka son a ga kayansa. Bugu da ƙari, salular yau ba irin ta shekarun baya ba ce. Tun wajen 2018 kamfanoni suka fara sa tsarin hoton dare, wanda ke ɗaukar hotuna da yawa a jere ya haɗe su wuri ɗaya, kuma yau ana samunsa har a Tecno da Infinix da ke aljihun yawancinmu. Abin da yake buƙata kawai ka riƙe hannunka cik na ƴan daƙiƙoƙi.

Dalili na uku shi ne wanda ya fi ba ni tsoro. Filash shela ce. Kana iya ɗaukar hoto da salula ba wanda ya kula, amma da zarar walƙiya ta tashi, kowa ya waiwayo, har wanda bai kamata ya waiwayo ba. A Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa akwai dokar laifukan intanet mai lamba 34 ta shekarar 2021, wadda ta fara aiki a watan Janairun 2022. A ƙarƙashinta, ɗaukar hoton mutum ko yaɗa shi ba da yardarsa ba na iya jawo ɗaurin da bai gaza wata shida ba, ko tarar dirhami 150,000 zuwa 500,000, ko duka biyun. Ka lissafa wannan da sefa ko naira ka ga ko jarinka zai ɗauka. Kai kana nufin hoton abayar da ke rataye, matar wani ta gifta, walƙiya ta haska fuskarta, me za ka ce da wane harshe? A ƙasar Sin kuma, shaguna da yawa ba sa yarda a ɗauki hoton sabon zane sai da izini, saboda tsoron masu kwaikwayo. Baƙon da ya shigo da babbar kyamara da fitila a kanta ba ya kama da mai saye a idonsu, ya fi kama da wanda aka turo satar zane, kuma wanda aka fara kallo da wannan ido ba ya samun farashi mai kyau.

Masu haɗa sari da Umara su ma su lura. A shekarar 2017 hukumomin Saudiyya sun fitar da sanarwar hana ɗaukar hoto a cikin masallatai biyu masu alfarma, kuma ko da yake ana ganin mutane na ɗauka da salula, masu gadin ƙofa suna duba jaka, babbar kyamara na iya sa a mayar da kai. Ban da haka ma, haska idon mai ibada da walƙiya rashin ladabi ne ko ba doka.

Kada mu yi nisa, ko a nan yankinmu haka abin yake. Duk wanda ke bin hanya ya san ba a ɗaukar hoton ofishin duwan, ko shingen jandarma, ko barikin soja, ko filin jirgi, ko gada irin ta Gaya. A halin tsaron da ake ciki a ƴan shekarun nan, jami'in da ke tsaye a shinge da dare ba shi da lokacin sauraren cewa hoton buhunan da ke kan mota kake ɗauka don ka tura wa mai kaya. Salula da yawa an saita su ne su kunna fitila da kansu in sun ga duhu, mai ita bai ma sani ba. Walƙiya ɗaya daga tagar mota ta isa a sauke fasinjoji duka, a karɓe wayar, a bincike ta, mota ta kwana. Tsautsayi dai ba ya wuce ranarsa, amma ba a ce ka aika masa goron gayyata ba.

Dalili na huɗu shi ne nauyi da ɗawainiya, kuma ɗan kasuwa ya fi kowa sanin darajar kilo a filin jirgi. Jakar hannu a jirage irin na Habasha, wanda da yawa daga cikinmu ke bi ta Adis Ababa, kilo 7 ne ƙa'idarta ga mai ƙaramin tikiti. Filash da batiranta da cajarta sun kusa nauyin turmin atamfa guda, kuma turmin atamfa riba yake kawowa, ita kuwa ba ta kawo ko dala. Batiran da ba a cikin na'ura suke ba, da fawa-bankin cajin waya, ƙa'idar jirage ita ce a jakar hannu ake sa su, ba a cikin akwatin da za a auna ba. Kuma doka sai ƙara tsanani take yi. Tun ƙarshen watan Yunin 2025 ƙasar Sin ta hana shiga jiragen cikin gida da fawa-bankin da ba shi da tambarin CCC, kamfanin Emirates kuma ya hana amfani da shi a cikin jirgi tun watan Oktoban 2025. Duk ƙarin na'ura mai batir ƙarin tambaya ce a wurin bincike. Abin dariya ma, manyan kamfanonin da ke ƙera filash mai araha, irin su Godox, a birnin Shenzhen suke, maƙwabcin Gwanzu. Ɗaukar filash daga Maraɗi zuwa can tamkar ka sayi albasa a Kano ne ka kai Galmi.

Sai dai a yi adalci, masu cewa a tafi da ita ba su rasa hujja ba. Akwai wuraren da haske ke yin ƙaranci da gaske: cikin kwantena lokacin lodi, kusurwar siton masu aiko da kaya, ko lodin dare. A nan kana buƙatar hoton lambar kwali, da sunan da aka rubuta a kai, da lambar hatimin da aka rufe kwantena da shi, domin su ne shedarka ranar da kaya suka ɓace ko suka iso a buɗe. Amma wannan aiki ba launi ake nema a cikinsa ba, rubutu ake so ya fito, kuma ƙaramar tocila ta wadatar. Masu sarin kayan gyaran mota a Sharja ko Kwatano ma su gwada: lambar da aka tona a jikin ƙarfe ta fi fitowa in wani ya riƙe tocila ta gefe, domin inuwa ce ke fito da ita, filash kuwa shafe inuwa take yi. Haka nan gaskiya ne ƙwararren mai hoto yana iya juya kan filash sama, hasken ya daki farin rufi ya sauko a hankali, hoto ya yi kyau. To amma wannan sana'a ce da ake koyo, kuma tana son rufi fari mai kusa. Wanda hoto ne abincinsa ya tafi da kayan aikinsa, ba da shi nake ba. Wanda kuma ke son kyawawan hotunan talla ya bari kaya su iso, ya kira mai hoto shagonsa, inda ba mai hana shi.

To me ya kamata ɗan kasuwa ya yi a maimakon haka? Da farko ka nemi izinin mai shago, ka ce a ba ka kan yadin ka fita da shi bakin ƙofa ko kusa da taga, inda hasken rana ke shigowa amma ba ya dukan yadin kai tsaye. Ka goge idon kyamarar da gefen rigarka, ka taɓa alamar walƙiyar nan ka kashe ta, ka kashe duk wani tsarin ƙawata hoto, domin an yi shi ne don gyara fuska, ba don faɗin gaskiyar kaya ba. Ka ajiye farar takarda a gefen yadin ta fito a cikin hoton. In takardar ta fito ja-ja ko shuɗi-shuɗi, to kai da mai saye kun san launin yadin ma ya karkata. Ka ƙara da ɗan gajeren bidiyo kana juya yadin a hannu, domin sheƙi da nauyi da laushi a motsi ake ganinsu. Ka ɗauki hoton lambar zane da lambar launi, ka yi oda da lamba, ba da "irin wancan na hoto" ba. In ta WhatsApp za ka tura, ka zaɓi HD ko ka tura shi a matsayin takarda, don kada a matse hoton ya lalace, kuma ka tuna tun 2017 WhatsApp ba ya aiki a layukan ƙasar Sin, sai ka shirya WeChat da mutanenka tun daga gida. Bayan duk wannan, ka faɗi launin da bakinka: "Hajiya, ruwan hanta ne mai duhu, ya fi yadda kike gani a waya nauyi." Allon wayarta ba irin na taka ba ne.

Abu mafi muhimmanci, kada mu yar da dabarar iyayenmu. In odar mai yawa ce, ka sa a yanka maka ƙyalle, a raba biyu, rabi wurinka rabi wurin mai kaya, kowa ya sa hannu a takarda. Ranar da aka yi saɓani, ƙyallen nan ne alƙalin da ba ya karɓar toshiya. An ce gani ya kori ji, amma a harkar yadi taɓawa ta kori gani.

Shi dai yaron nan na Maraɗi, da aka gama muhawara maigidansa ya sa ya mayar wa mai hoton biki da kayansa. A gurbinsu ya saka ƙaramar tocila, da littafin rubuta lambobi, da almakashi a cikin akwatin awo, da filas ɗin shayi. Wani dattijo da ke gefe ya ce ai a ƙasar da ba ka san abincinta ba, filas ya fi filash amfani, kowa ya yi dariya. Kiran da nake yi ga iyayen gida masu tura yara sari shi ne, kamar yadda kuke koya musu lissafin canji da taya kaya, ku zaunar da su ku koya musu ɗaukar hoton gaskiya, da sanin inda ake ɗaga waya da inda ake mayar da ita aljihu. Allah Ya kai matafiya lafiya, Ya dawo da su da riba mai albarka.